Tsofaffin albam-albam na jazz a sabon bugun dijital: daga ina ingancin sauti yake fitowa?

A watan Yulin 2022 ƙura ta tashi a tsakanin mayun sauti, wato mutanen da ke zuba kuɗi a faifai da sifika don su ji kiɗa tamkar makaɗan suna zaune a falonsu. Wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix na Amurka ne ya fara zargin cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda ya yi suna wajen sake buga tsofaffin albam-albam a faifan garmaho, yana bi da sautin ta na'urar dijital kafin ya yanka faifai. Injiniyoyin kamfanin suka amsa cewa haka ne, kuma tun 2011 ake yi. Masu saye, waɗanda wasunsu kan biya fiye da dala 100 a kan albam ɗaya bisa tunanin sautinsa bai taɓa shiga kwamfuta ba, suka garzaya kotu. A 2023 aka sasanta: mai so ya mayar da faifai a ba shi kuɗinsa, wanda ya riƙe nasa a ba shi ɗan kaso.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, shekara goma sha ɗaya masu sharhi da dama suna yaba waɗannan faya-fayai, har suna kafa hujja da su cewa analog, wato sautin da bai shiga kwamfuta ba, ya fi dijital, kunnuwansu ba su kama komai ba. A ɗaya gefen kuma, tun da Apple Music ya fara ba da sauti marar ragi a 2021, wanda ya nemi Kind of Blue na Miles Davis a manhajojin sauraro zai tarar da shi a siga iri-iri: mono mai layin sauti ɗaya, sitiriyo mai layin hagu da dama, bugun cika shekara 50, da wasu daga kamfanonin da bai taɓa jin sunansu ba. Ɗauka ɗaya ce ta 1959, amma ba sauti ɗaya ba ne.

Kalmomi uku da ya kamata a rarrabe

A shekarun 1950 da 1960, lokacin da aka ɗauki mafi yawan albam-albam ɗin da ake wannan magana a kansu, sauti na shiga ne a kan zaren tef mai maganaɗisu, ɗan'uwan na kaset amma ya fi shi faɗi, yana gudun inci 15 a sakan, wato kusan santimita 38. Zaren da ya fara karɓar sautin a situdiyo shi ne uwar tef. Wanda aka tura daga gare ta 'ya ce, wanda aka tura daga 'yar kuma jika. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda waƙar da aka tura sau uku take komawa: kaifinta ya dushe, ƙarar "shuu" ta ƙaru. Ko da injunan situdiyo ne, kowane turi na ƙara wannan ƙara da kimanin desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sauti.

Kalma ta biyu ita ce haɗi. Wasu kamfanoni, kamar Columbia, suna ɗauka a layi uku a jikin tef, daga baya a haɗa su zuwa layi biyu na hagu da dama. Wasu, kamar Blue Note, kai-tsaye suke ɗauka a layi biyu, haɗin ya riga ya faru tun makaɗa na busa. In an koma kan layuka ukun aka sake haɗawa, wannan sabon haɗi ne, kuma yana iya sauya wurin zaman kowane makaɗi da ƙarfinsa.

Ta uku ita ce tacewa, abin da 'yan situdiyo ke kira mastarin. Ita ce aikin ƙarshe: a ɗora tef, a ƙara ko a rage nauyin sauti da kaifinsa, a matse shi (wato a rage tazara tsakanin inda ya yi ƙarfi da inda ya yi ƙasa) ko a bar shi, a daidaita ƙarfinsa, sannan a zuba shi a faifai ko a fayil. Idan kwali ya ce an yi sabuwar tacewa, abin da yake nufi kawai an sake yin wannan aiki. Bai ce an yi shi da kyau ba, bai kuma faɗi daga wane tef ba.

Lambobin da ake bugawa a jikin kwali

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 16. Lambar farko ita ke yanke iyakar siririn sautin da za a iya kamawa, kuma rabinta ne a kullum, wato haz 22,050 (haz shi ne yawan kaɗawar igiyar sauti a sakan). Kunnen yaro lafiyayye yana tsayawa a wajen 20,000, na ɗan shekara arba'in kuwa da wuya ya wuce 16,000. Lamba ta biyu ita ke ba da tazara tsakanin sauti mafi ƙarfi da ƙarar na'urar kanta. Kowane bit na ba da desibel 6, saboda haka bit 16 desibel 96 ke nan, bit 24 kuma 144 a takarda, adadin da babu na'urar gida ko ta situdiyo da ke kai shi.

Fayilolin da ake tallatawa da 24/96 ko 24/192 suna awo sau 96,000 ko 192,000 a sakan da bit 24. Faifan SACD, wanda ya fito a 1999, tsarinsa daban ne, ana kiran sa DSD: bit ɗaya tak, amma awo sau 2,822,400 a sakan, ninki 64 na CD, kuma yana tura ƙararsa can sama inda kunne ba ya kaiwa. Akwai kuma rukunin da sunansu ke ruɗa mai saye. XRCD na kamfanin JVC, da SHM-CD, da Blu-spec, da faifai mai rufin zinare, dukkansu CD ne na 16/44.1. Bambancinsu na cikin kayan da aka yi faifan da su ko hanyar da aka bi wajen bugawa. Inda XRCD ya yi daɗi, kuma ya sha yi, tacewar ce ta yi kyau.

To sai a ɗora waɗannan lambobi a kan tef na 1959. Tazarar da ke tsakanin kiɗa da "shuu" a irin wannan tef ba ta cika wuce desibel 60 da ɗoriya ba, wato abin da bit 11 ko 12 za su ɗauke. Ruwan kwano ne. CD tulu ne, 24/192 kuma randa, kuma zuba ruwan kwano a randa ba ya ƙara masa yawa. Amma manyan lambobin suna da amfani na gaske a situdiyo. Injiniya na bukatar sarari don kada sauti ya fashe lokacin turi, yana kuma bukatar bit masu yawa domin duk lissafin gyara yana cin wani abu. Shi ya sa ake turi da bit 24, a yi aiki, sannan a sauko zuwa 16 a ƙarshe. Na'urorin turi na farkon shekarun 1980 kuma ba su kai na yanzu ba, wannan gaskiya ce da masu son analog da masu son dijital duka suka yarda da ita.

Wane tef aka ɗora a inji?

Nan ne akasarin bambancin yake. Lokacin da kamfanoni suka ruga buga CD a tsakiyar shekarun 1980, sau da yawa tef ɗin da ya fi kusa da hannu aka ɗauko, kuma wannan yakan kasance kwafin da aka shirya domin yanka faifan garmaho. Faifan garmaho ba ya jure nauyin sauti mai yawa ko kaifi mai tsanani, allura na iya tsallake layi, don haka irin wannan kwafi an riga an rage masa nauyi an matse shi. In aka zuba shi a CD yadda yake, sai a ji sauti siriri marar jiki. Da yawa daga cikin baƙin jinin da CD ya yi a farkon zamaninsa daga nan ya samo asali.

A Love Supreme na John Coltrane, wanda aka ɗauka ranar 9 ga Disamban 1964, misali ne mai kyau. Uwar tef ɗinsa ta ɓata. CD-CD na farko daga wani kwafi na 1971 aka yi su, wanda aka riga aka matse aka sauya masa launin sauti. Sai a bugun 2002 aka yi amfani da wani kwafi na 1965 da aka gano a ma'ajiyar kamfanin EMI a Landan, wanda aka tura daga uwar ba tare da an taɓa shi ba. 'Ya ce, ba uwa ba, amma ta fi abin da ake da shi nesa ba kusa ba, kuma bugun a CD na yau da kullum ya fito. Both Directions at Once kuma, wanda aka ɗauka a Maris 1963 bai fito ba sai 2018, daga kwafin mono aka yi shi, wanda aka ba Coltrane ya tafi da shi gida, ya zauna a hannun dangin matarsa ta farko. Na kamfani an daɗe da zubar da shi.

Akwai kuma gobarar da ta tashi a harabar Universal da ke Hollywood ranar 1 ga Yunin 2008. Rahoton da jaridar New York Times ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa tef da sauran kayan ɗauka na asali tsakanin 118,000 da 175,000 ne suka ƙone, ciki har da na Decca da Chess da Impulse. Kamfanin ya ce an zuzuta adadin. Ko ma nawa ne, duk albam ɗin da uwarsa ta shiga wutar, sabon bugunsa daga kwafi zai fito, ko daga turin dijital da aka yi kafin gobarar, komai girman lambar da aka liƙa masa.

Sai batun doka, wanda shi ne ya cika manhajoji da bugu barkatai. A Tarayyar Turai, a da haƙƙin mallakar ɗaukar sauti shekara 50 ne. An ƙara shi zuwa 70 daga Nuwamban 2013, amma ƙarin bai shafi abin da wa'adinsa ya riga ya ƙare ba. Ma'ana, duk abin da ya fito har zuwa ƙarshen 1962 kowa na iya buga shi a can, kuma wannan ya haɗa da tsakiyar zamanin zinare na jazz. Waɗannan kamfanoni ba su karya dokar Turai ba, sai dai ba su da hanyar shiga ma'ajiyar tef. Daga CD ɗin wasu ko daga tsohon faifan garmaho suke kwafa. Wasunsu na yin aiki mai tsabta, wasu kuwa ƙarfi da kaifi kawai suke ƙarawa su kira shi sabuwar tacewa.

Injin da ke karanta tef

Samun uwar tef rabin aiki ne. Masu gyaran rediyo a zamanin kaset sun san ɗan notin da ke gefen hed: a juya shi kaɗan, sautin da ya dushe ya buɗe. Haka abin yake a situdiyo. Dole hed ɗin da ke karantawa ya tsaya a daidai kusurwar wanda ya rubuta, in ya karkace ko da ƙiris ne kaifin sauti ya tafi, kuma babu gyaran kwamfuta da zai dawo da shi yadda yake. Albam guda na iya ƙunsar guntayen tef daga ranaku daban da injuna daban, don haka mai aiki tsakani da Allah yakan daidaita hed waƙa bayan waƙa. Dole kuma a san ma'aunin da aka ɗauka da shi, NAB na Amurka ko CCIR na Turai, domin karanta ɗaya da ma'aunin ɗayan na sauya nauyi da kaifi gaba ɗaya.

Shi kansa zaren yana tsufa. Na shekarun 1950 da asitet aka yi shi, yana gautsi, yana tsinkewa, wani har warin tsami yake yi in ya fara lalacewa. Na shekarun 1970 da 1980, kamar Ampex 456, matsalarsa danƙo ce: mannin jikinsa na shan laima, ya riƙa kama hed yana barin dauɗa. Maganinsa a gasa shi a zafin digiri 50 zuwa 55 na ma'aunin Salshiyas na awanni, sai ya karantu na ɗan lokaci. Wanda ya gasa na asitet kuwa ya kashe shi.

Gudun inji ma na shiga ciki. An ɗauki Kind of Blue a situdiyon Columbia da ke titi na 30 a New York, wani tsohon coci, a zama biyu: 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959. A zaman farko babban injin yana gudu ƙasa da ƙa'ida kaɗan, saboda haka da aka karanta tef ɗin a inji mai gudu daidai, waƙoƙi ukun farko suka fito da ɗan sauri kuma muryarsu ta ɗan hau. Sama da shekara talatin haka duniya ta saurare su a sitiriyo, masu koyon busa suna mamakin me ya sa ba sa dacewa da faifan. Sai a 1992 aka gyara. A 1997 kuma Mark Wilder ya sake haɗin daga layuka uku a kan wani tsohon inji irin na zamanin da aka yi ɗaukar. Yanzu akwai dabarar da ake kira Plangent, wadda ke bin wani siririn sauti da kunne ba ya ji, wanda injin ɗauka kan bari a jikin tef, ta yi amfani da shi ta miƙar da rawar gudun zare. Da ita aka gyara Concert by the Sea na Erroll Garner a bugun 2015. Fiyano ne ya fi amfana, domin shi ne ya fi tona asirin zare mai rawa.

Hannun mai tacewa

Babu inda aka fi jayayya kamar kan Rudy Van Gelder. Likitan ido ne da ya riƙa ɗaukar sauti a falon iyayensa a Hackensack ta jihar New Jersey, kafin ya gina situdiyonsa a Englewood Cliffs a 1959. Shi ya ɗauki mafi yawan fitattun albam-albam na Blue Note da Prestige da Impulse, ciki har da Eastern Sounds na 1961 na Yusef Lateef, mutumin da daga baya ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike. CD-CD na farko na Blue Note, a ƙarshen shekarun 1980, Ron McMaster ne ya tace su, kuma bai cika taɓa sautin ba. Daga 1999 aka fara jerin RVG Edition, inda Van Gelder da kansa ya sake tace ayyukansa da bit 24.

Masu goyon bayan jerin RVG na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: sautin ya matso kusa, ƙaho na da cizo, ganga na da ƙarfi, kuma haka wanda ya ɗauka yake so a ji. Masu suka na cewa da yawa daga cikinsu an matse su, an ƙara kaifi, an kuma tsuke faɗin sitiriyo har ya kusa zama mono. Su sun fi son na McMaster, duk da tsohuwar na'urarsa ta bit 16, ko SACD na Analogue Productions da Kevin Gray da Steve Hoffman suka tace. Nasu ma ana sukar sa da cewa na McMaster ya yi sanyi, wani lokaci kamar an rufa masa mayafi. Batun tsuke sitiriyo na da tushe a tarihi: Van Gelder da sifika ɗaya yake sauraro lokacin ɗauka a shekarun farko, kuma daga ƙarshen 1958 mono ɗin Blue Note haɗa layukan sitiriyo biyu kawai ake yi a fitar da shi. Shi ya sa a sitiriyon wancan zamani za ka ji mai ƙaho can ƙuryar hagu, mai ganga can ƙuryar dama, abin da ke gajiyar da mai sauraro da hedifon. Van Gelder kansa, wanda ya rasu a 2016, bai ɓoye cewa a ganinsa faifan garmaho ne babban mai gurɓata sauti ba.

Matsewa na da saukin ganewa in an san inda za a saurara. So What, waƙar farko a Kind of Blue, na farawa ƙasa-ƙasa da fiyano da babban goge, sannan a daidai inda Miles zai fara busarsa, mai ganga Jimmy Cobb ya kai wa faifan tagullarsa duka guda. A tacewa mai kyau wannan duka na fitowa kamar an buɗe ƙofa, ƙararsa ta yi ta shawagi tana dushewa a hankali. In an matse, farkon waƙar ya riga ya yi ƙarfi, dukan ya zo bai fi abin da ke kewaye da shi ba.

Wani lokaci kuma bin tef sau da ƙafa shi ne kuskuren. Roy DuNann na kamfanin Contemporary a Los Angeles, wanda ya ɗauki Way Out West na Sonny Rollins a Maris 1957, a busasshen ɗaki yake ɗauka, sai lokacin yanka faifai ake ƙara amsa-kuwwa. Wanda ya turo uwar tef yadda take ya kawo abin da ba shi mutanen 1957 suka ji ba, wanda ya ƙara amsa-kuwwa kuma ya sa hannunsa a ciki. Kowanne na da hujja.

Goge ƙara shi ne ya fi yin ɓarna. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 akwai na'urori irin su NoNoise da CEDAR masu cire ƙas-ƙas da "shuu". Cire ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya ba ya cutar da kiɗa. Cire "shuu" kuwa yakan tafi da abin da ke zaune tare da shi. A ɗaukar da aka yi wa Bill Evans da abokansa biyu a kulob ɗin Village Vanguard ranar 25 ga Yunin 1961, ana jin ƙarar kofuna da hirar mutane ƙasa-ƙasa, ana jin burushin Paul Motian na shafar fatar ganga. Sautin burushin da "shuu" na tef a muhalli ɗaya suke, in an kori ɗaya sai ɗayan ya bi shi. A ɗaukar da ta girmi tef, wato ta faifai mai juyi 78, abin ya fi tsanani. Ayyukan Duke Ellington na 1940 zuwa 1942 sun fito a 1986 a goge tas amma a dushe, bugun 2003 kuma ya bar ƙarar faifai ya dawo da hasken ƙahonin. Har yau akwai masu fifita kowanne.

Dijital ya kuma yi abin da analog ba zai iya ba. A bikin Newport na 1956, Paul Gonsalves, mai busa a ƙungiyar Duke Ellington, ya yi doguwar busarsa a gaban makirufon Muryar Amurka maimakon na Columbia, don haka a faifan asali can nesa ake jin sa, wani ɓangare na albam ɗin ma a situdiyo aka sake ɗauka aka liƙa masa tafin ƙarya. Bayan an gano tef ɗin Muryar Amurka, bugun 1999 ya daidaita gudun ɗaukar biyu a kwamfuta, ɗaya a hagu ɗaya a dama, aka samu sitiriyo na gaske daga mono biyu.

Abin da gwaji ya nuna

A 2007 Brad Meyer da David Moran sun buga sakamakon gwajin da suka yi a Boston. Suna kunna SACD ko DVD mai manyan lambobi, wani lokaci kai-tsaye, wani lokaci su bi da sautin ta na'urar 16/44.1, mai sauraro bai san wanne ba ne. A gwaji 554 an canka daidai sau 276, kusan rabi, daidai da jefa kwabo. An soki aikin da cewa wasu faya-fayan da aka yi amfani da su tun asali ba su ɗauke da abin da ya wuce ƙarfin CD. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, masu sauraro fiye da 400, ya samu canka daidai kashi 52 da ɗigo cikin ɗari, waɗanda aka horar kuma sun kai wajen kashi 60. Wato akwai bambanci, amma ƙanƙani ne. Bambanci tsakanin tacewa biyu na albam guda kuwa, kamar na McMaster da na RVG, ba ya bukatar horo. Meyer da Moran ma sun lura cewa yawancin SACD sun fi CD daɗi, suka danganta hakan da cewa ana tace su da kulawa domin an san masu sayensu.

Me wannan ke nufi ga mai sauraro

Da farko akwai data. Albam mai minti 45 a MP3 na 320 bai fi megabait 110 ba. A ingancin CD cikin tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil ba tare da zubar da komai ba, yakan kai 250 zuwa 300. A 24/192 ɗanyen fayil ya haura gigabait 3, a FLAC kuma yakan kusa 2. Sannan in ta Bluetooth ake sauraro, yawanci duk wannan bai isa kunne ba: CD na bukatar kilobit 1,411 a sakan, tsarin aika sauti na SBC da AAC da yawancin iyafis ke amfani da su ba su cika wuce 330 ba, LDAC ma a 990 ya tsaya. Wayoyi da yawa kuma suna mayar da komai zuwa awo 48,000 sai an haɗa musu ƙaramar na'urar DAC ta waje, mai mayar da fayil ɗin dijital sauti. Ɗakin da fanka ke juyawa ko janareta ke ruri a waje, ƙararsa kaɗai ta cinye ƙasan tazarar da ake biya domin ta.

Kafin saye, abin dubawa shi ne bayanin tushe: daga wane tef, wa ya tace, a wace shekara, sabon haɗi ne ko tsohon. A manhajoji, layin haƙƙin mallaka da ke ƙasan jerin waƙoƙi na nuna mai bugun. In Kind of Blue bai ɗauke da sunan Columbia ko Sony ba, ko Blue Train na John Coltrane bai ɗauke da na Blue Note ba, to daga kwafi ne. Fayil ɗin da ake shakka a kansa ana iya buɗe shi a manhajar Spek ko Audacity a duba hoton sautinsa. In ya yanke ƙat a kilohaz 22 alhali an ce 24/96 ne, daga CD aka hura shi. In ya yanke a 16, MP3 ne aka sauya wa riga.

Wajen kwatanta bugu biyu, sai an daidaita ƙarfinsu tukuna, domin kunne kan ɗauki wanda ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau, ko da da desibel ɗaya ne. Ana iya yin haka da ReplayGain a manhajar kunna sauti ta foobar2000. Mai son sanin ko manyan lambobi na yi masa amfani kuma, kada ya kwatanta CD da fayil na 24/96 da ya saya daban, domin mai yiwuwa tacewarsu ba ɗaya ba ce. Ya ɗauki fayil ɗin 24/96, ya sauko da shi da kansa zuwa 16/44.1, ya sa su biyun a gwajin ABX na manhajar, inda take kunna ɗaya a ɓoye ya canka. Ya zaɓi wuri mai wuya, kamar dushewar faifan tagulla ko ƙarshen sautin fiyano, ya yi zagaye 16. Sai ya ci 12 ko fiye kafin a ce ba sa'a ba ce.